Ramin Bana

Da aka buga ƙararrawar cin abinci an kashe injin yanka takarda, amma babu wanda ya fita daga sashen ɗinkin littattafai. Rediyo ya hau kan tulin kwalaye, ya naɗe wani bangon littafi da ya lalace ya mai da shi lasifika, ya sanar da jama'a cewa wa'adin mulkinsa ya ƙare. A kansa akwai wata hula da aka haɗa da ɓarɓashin takarda da gam. Shekara guda ta yi tana rataye a ƙusa, ta sha ƙura, ta karkace gefe ɗaya.

Ya ce ya yi mulki tsakani da Allah. Bai ci haƙƙin kowa ba, tunda shi kansa ko ƙarin albashi ba a yi masa ba. Ya gode wa Mai Gam, wadda ta riƙa zuba masa rabin abincinta don ya ji sanyi a ransa. Ya gode wa Dogo, wanda ya yi masa alkawarin kaza ya kawo ƙwai. Daga nan ya kira magajinsa.

Turare ya taso daga kan benci yana gyara wuyan riga. Shi ne ƙarami a sashen, saurayi mai fara'a wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ya durƙusa a kan siminti, bayan ya shimfiɗa kwali don kada wandonsa ya ɓaci, aka ɗora masa hular.

"Daga yau Rami naka ne," in ji Rediyo. "Ka riƙe shi da kyau. Kada ka riƙa zuwa da wuri kana ba mu kunya."

Auta, foman ɗin sashen, yana tsaye a bakin ɗan ofishinsa na gilashi da kofin shayi, yana dariya kamar kowa. Muƙaminsa bai ba shi damar halartar irin wannan taro ba, don haka kullum a bakin ƙofa yake tsayawa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yadda in an tambaye shi zai ce wucewa yake yi.

Littattafan rubutu na 'yan makaranta kamfanin ke bugawa. Shekarun baya masu kamfanin suka ɗauko hayar wasu ƙwararru, suka zauna a ɗakin taro suna shan ruwan roba suna nuna zane-zane a bango, suka tafi suka bar doka. Ƙarshen kowace shekara shugaban sashe zai auna aikin mutanensa, kuma tilas ya fitar da mutum ɗaya a matsayin wanda ya gaza, ko da kuwa duk sashen mala'iku ne. A takarda sunan wannan mataki "Ƙasa da Tsammani." Ma'aikata suka raɗa masa Rami, matakin can sama kuma suka ce masa Bene, na tsaka-tsaki Tsakiya. Wanda ya faɗa Rami sau ɗaya, babu ƙarin albashi a shekarar. Wanda ya faɗa shekara biyu a jere, sallama ce, ba roƙo ba ɗaukaka ƙara.

A wasu sassan dokar ta raba abokai. A sashen bugu mutum zai ga na kusa da shi ya ɗora takarda a karkace, ya kau da kai har sai an ɓata tari guda, sannan ya yi salati da ƙarfi yadda foman zai ji. A sashen ɗinki su shida ne, suka zauna suka yi irin tunanin 'yan haya masu banɗaki ɗaya: a yi layi. Kowa ya shiga Rami shekara ɗaya ya fito, na bayansa ya shiga. Kafin ta sake zagayowa kanka ka manta zafinta. Ba wanda zai faɗa sau biyu a jere, ba wanda za a kora. Sharaɗi ɗaya ne, kada maganar ta hau sama inda manajoji suke.

Bara layin ya zo kan Rediyo. Shi da kansa ya zauna a ofis yana faɗa wa Auta laifuffukan da zai rubuta masa, yana ƙorafin ana yi masa rowa. Ya ce a ƙara da cewa yana hana mutane aiki da surutu. Ya ce a sa cewa yana wasa kusa da wuƙar inji, don abin ya yi armashi. Auta ya rubuta yana share hawayen dariya. Tun kafin Auta ya fara aske gemu Rediyo ke kan wannan injin, kuma har yau yatsunsa cif suke.

Rediyo mijin yayar Auta ne. Shi ya kawo shi kamfanin bayan ya gama sakandare, ya nuna masa inda ake tsayawa da inda ba a sa hannu, ya riƙa karɓar masa aiki lokacin da yake zuwa karatun yamma. Da aka ba Auta foman, Rediyo ya fi kowa murna, ya kuma fi kowa tsokana. A wurin aiki yakan ƙame masa kamar soja. Da sun fita get sai ya tura shi sayen ruwa.

* * *

Ranar hutu Auta ya je gaida Mama. Tun da gwiwarta ta fara ba ta wahala ta koma gidan Yaya da zama, ɗaki biyu da falo a ƙarshen wani layi da mota ba ta shiga. An ba ta ɗakin yara, yaran suka dawo falo. Babbar 'yar gidan, wadda ubanta ke kira Likita tun ranar da ta shiga makarantar koyon jinya, tana zaune a kan tabarma da littattafai zube a gabanta, ta toshe kunnuwa da auduga saboda ubanta yana gida.

Yaya tana kan keken ɗinki a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta fara yi wa ƙanenta lissafin abin da ta yi masa a duniya: ta goya shi, ta wanke masa kashi, ta ɓoye wa Baba ranar da ya fasa gilashin maƙwabta. Sakayyar da ta samu ita ce bara ya jefa mata miji a rami.

"Shi ya roƙa," in ji Auta.

"In ya roƙi ka jefa shi rijiya sai ka jefa shi? Bana Bene nake so. Kada ka shigo mini gida da Tsakiya."

Rediyo, wanda ke kwance a ƙarƙashin famfo yana fama da wani bututu mai yoyo, ya ce a bar shi a Tsakiya. Ya ce mutanen Bene ba sa barci, kullum suna leƙen wanda zai turo su. Shi burinsa kaɗan ne: ƙarin albashi ya dawo, ya sa wa Mama fanka a silin, ya saya wa Likita abin awon jinin nan da take ta nacin a saya mata don ta daina gwaji da wuyan hannunsa. Mama daga ɗaki ta ce ita ba ta son fanka, tana sa ta mura. Rediyo ya ce to za a sa, sai ta riƙa kallonta.

Auta ya ci abinci, ya sha tsokana, ya tafi da ransa fes. Abu ɗaya kawai ya ɗan tsaya masa a hanya. Turare ɗan ƙanwar matar Janar Manaja ne. Kowa ya sani, ba wanda ke faɗa. Amma ya tambayi yaron tun da wuri, yaron ya ce masa babu komai, kawunsa ba ya duba irin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma shi ba zai ci abincin mutane shekara da shekaru ba sannan layi ya zo kansa ya zille. Auta ya yarda da shi, kuma gaskiya yaron ya faɗa iyakar abin da ya sani.

* * *

Ɗakin taro yana sama, da dogon tebur mai sheƙi da na'urar sanyaya ɗaki da ke sa mutanen ƙasa atishawa. An jera biskit a faranti biyu. Janar yana kan tebur daga can ƙarshe, Madam, manajar ma'aikata, tana damansa da tarin fayiloli. Sauran shugabannin sassa ne, kowa da takardarsa a kife.

Sunan taron "daidaita sakamako." Abin da ake yi a ciki ciniki ne. Guraben Bene kaɗan ne a duk kamfanin, saboda haka tun kafin shayi ya huce aka fara tayi. Shugaban sito ya bar wa shugaban bugu gurbinsa ɗaya, da sharaɗin a bar masa wurin ajiye mota na ƙarƙashin bishiya. Shugaban bugu, wanda ake kira Tawada, ya ba da gurbin ga wani ma'aikacinsa da ya ce yana da hangen nesa. Kowa a ɗakin ya san shi ne mai kai masa yara makaranta. A sito, Rami ya faɗa kan wani da ya iya aiki amma bai iya gaisuwa ba, aka rubuta masa "ƙarancin haɗin kai." Shugaban direbobi ya fi kowa dabara: ya sa sunan wani direba da ya riga ya ajiye aiki ya koma garinsu. Aka yi dariya, Janar ya ce wannan shi ake kira sanin aiki.

Auta yana jin daɗin wannan taron, ba ya musu. Akwai sanyi, akwai biskit mai kirim, kuma shi kullum nasa mai sauƙi ne. Ba ya neman Bene wa kowa, ba ya faɗa da kowa. Suna ɗaya yake kawowa, a rubuta, a wuce.

Da aka zo kansa ya karanta sunan Turare.

Cokalin da shugaban sito ke juya shayi da shi ya tsaya. Janar ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Cikin sanyin murya ya ce abin ya ba shi mamaki, domin yana jin ana yabon yaron nan. Madam ta ce ita ma haka take ji. Ta ƙara da cewa, ko da yake ba a riga an sanar ba, ana shirin mai da shi ofishin ciniki wata mai zuwa, kuma doka ta hana a yi wa wanda ke Rami ƙarin girma. Janar ya ce shi ba ya sa baki a aikin foman, Allah ya kiyaye. Yana dai ganin ya kamata a sake dubawa.

Auta bai tsorata ba. Layi ne, sai a tsallake mutum ɗaya, a ba na bayansa haƙuri. Ya ce in haka ne, Dogo.

Madam ta tuna masa Dogo ne wakilin ƙungiyar ƙwadago, kuma ana tsakiyar tattaunawa kan kuɗin aikin ƙarin lokaci. Sa shi a Rami yanzu daidai yake da a kira yajin aiki da hannu. Auta ya ce Mai Gam. Ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, in ji Madam, kuma ita ba za ta je ofishin ƙwadago ta yi bayanin wannan ba. Ya ambaci Gola, shugaban direbobi ya miƙe zaune. Shi ne uban ƙungiyar ƙwallon kamfani, wasan kusa da na ƙarshe na gabansu, ba za a karya masa zuciyar mai tsaron gida ba. Ya ce in ana so a taɓa Gola sai a dawo da maganar wurin ajiye mota, shugaban sito ya ce a'a, an riga an rufe wannan.

Saura Baba Zare, mai injin ɗinki. Wannan karon Janar da kansa ya girgiza kai. Dattijon da zai yi ritaya bana, a sallame shi da Rami a takardarsa ta ƙarshe? Ya ce kamfani ba dutse ba ne, yana da zuciya. Duk tebur aka gyaɗa kai, har da Auta, domin gaskiya ne.

Tawada ya ɗauki biskit ya duba gaba da bayansa. Tun lokacin da Auta ya mayar masa da bangaye mota guda da aka buga tambarin makaranta a juye, har maganar ta kai kunnen Janar, yake gaishe shi da fara'a ta musamman.

"Foman," ya ce, "na ji ka kira biyar. Ba ku shida ba ne?"

Auta ya ce na shidan ya shiga bara, kuma bana ya gyara sosai. Madam ta riga ta zaro fayil. Ta karanta abin da aka rubuta bara da muryar mai karanta labarai. Da ta zo wurin surutu aka yi dariya, shugaban sito ya ce shi shaida ne, daga sito yana jiyo shi. Da ta zo wurin wasa kusa da wuƙar inji Janar bai yi dariya ba. Ya tambaya ko wannan mutumin har yanzu shi ke kan injin, ya kuma tambaya ko an san abin da kamfanin inshora zai ce in ya ga wannan layin bayan wani ya rasa hannu.

Auta ya ce ya daina, gaba ɗaya ya daina.

Madam ta ci gaba da buɗe fayiloli, na bara, na bara waccan, na gabaninsu. Ba mugunta take yi ba. Mace ce mai son ta ga abu a jere, kuma yau ne karon farko da ta jera na sashen ɗinki.

"Sashenka kamar asibiti," ta ce tana murmushi. "Kowace shekara mutum daban ke kwanciya, kuma duk wanda ya kwanta, shekara na zagayowa ya warke sarai."

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Janar ya haɗa yatsunsa a kan tebur. Ya ce yana fata ba wani shiri ake yi a ƙasa ba. Ya tuna wa jama'a tsohon foman ɗin sito, wanda aka kama yana rubuta sakamakon ƙarya, aka sallame shi a ranar, ya bar gidan kamfani kafin mako ya ƙare. Ya dubi Auta ya tambaye shi kai tsaye.

Shi ma Auta a gidan kamfani yake zaune. Matarsa na da tsohon ciki, jiya ma suka gama fentin ƙaramin ɗaki. Wannan ne ya zo masa a rai, har da launin fentin.

"Babu wani shiri, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ke nan abin da ka rubuta bara gaskiya ne."

"Gaskiya ne."

Tawada ya ce shi bai ga laifin foman ba. Ya ce kowa a ɗakin nan ɗan'adam ne, ba kowa ke iya rubuta sunan mijin yayarsa sau biyu ba, ko shi da kansa sai ya yi tunani. Ya faɗe ta da tausayi, yana karkaɗe ɓarɓashin biskit daga rigarsa.

A daidai lokacin masinja ya turo ƙofa da ƙafa, ya shigo da manyan tire na shinkafa da kaza. Ƙamshi ya cika ɗakin. Shugaban direbobi ya fara matsar da takardunsa gefe. Janar ya duba agogo ya ce saura sassa biyu, kuma yana da baƙi da yamma. Madam ta cire murfin biro ta tambaya ko a rubuta.

Akwai maganar da Auta zai iya yi, ya san ta, har ya shirya farkonta. Zai ce a ba shi zuwa gobe. Ko ya ce layi ne, shi ya tsara, a yi masa abin da za a yi. Yana cikin zaɓen wadda zai fara da ita Madam ta gama rubutu, ta juyo da takardar ta tura masa a kan tebur mai santsi, ta zo ta tsaya daidai gabansa. Biron ya biyo baya. Ya sa hannu a inda aka yi masa alama.

Bayan an ci an sha aka zo kan auna su kansu shugabannin sassa, wanda Janar ke yi shi kaɗai, a tsaye, yana sakace haƙori. Gurbin Bene ɗaya ne. Tawada ya gyara zama, domin tun farkon shekara yake yi wa gurbin hidima. Janar ya ce yau ya ga abin da ya daɗe bai gani ba, mutumin da ya fifita kamfani a kan gidansu. Ya ce irin wannan ake so matasa su yi koyi da shi. Aka tafa wa Auta. Tawada ma ya tafa, a hankali, kamar mai kashe sauro.

* * *

Labari mai daɗi ya riga shi sauka. Masinja bai ji farkon taron ba, ƙarshensa ya ji, kuma kafin Auta ya gama sauko da matakala duk sashen ɗinki sun san foman ɗinsu ya hau Bene. Mai Gam ta yi guɗa. Dogo ya yi alkawarin kaza. Rediyo ya ƙame har sai da ƙafarsa ta bugi kwali, sannan ya zaro waya ya kira matarsa a gaban kowa ya ce ta ajiye ɗinkin mutane, gobe akwai girki. Turare ya matso ya tambaya a hankali ko an wuce da nasa lafiya. Auta ya ce ba a faɗin sakamako sai Madam ta fitar da takardu ranar Litinin. Doka ce, kuma yau ta yi masa rana.

Washegari da la'asar gidan Yaya ya cika. An aro kujeru daga maƙwabta. Matar Auta ba ta zo ba, ƙafafunta sun kumbura, ta ce a gaishe da kowa. Likita ta ajiye littattafai tana raba lemo. Yaya ta ce ta yafe masa Tsakiyar da take zaton ya ba mijinta, tunda dai Benen bai bar dangi ba. Ta zuba masa cinya biyu, ta tsaya a kansa sai ya cinye.

Rediyo ya ba maƙwabta tarihin foman tun daga ranar da ya fara aiki, yadda ya zo da takalmin makaranta, yadda ya ji ƙarar inji ya ruga bayan kwalaye, yadda ya manna hannun rigarsa a bangon littafi har sai da aka yanke ta. Ya ce duk abin da yaron nan ya sani shi ya koya masa, ban da rowa, wannan daga wajen yayarsa ya gado. Yaya ta jefe shi da murfin tukunya. Mama ta sa aka fito da ita bakin ƙofa, ta kama hannun Auta ta yi masa addu'a mai tsawo, ta roƙi Allah ya sa ya zama inuwar 'yan'uwansa. Kowa ya shafa.

Sau biyu Auta ya buɗe baki. Na farko aka miƙo masa lemo. Na biyu ya dubi falon, da katifun yara a jingine a bango, da ƙugiyar fankar da aka riga aka kafa a silin ɗin ɗakin Mama, ya ce abincin ya yi daɗi.

Da ya tashi tafiya Rediyo ya rako shi inda ya ajiye babur, a bakin layi kusa da shagon mai gyaran waya. Rana ta yi sanyi, yara suna buga ƙwallo da wata tsohuwar robar mai. A nan Auta ya faɗa masa, a tsaye, da makulli a hannu. Bai ƙawata ba. Ya faɗi yadda aka ƙi Turare, yadda aka ƙi sauran, yadda aka karanta takardar bara.

Rediyo ya yi dariya tukuna, ya ce wannan ta yi kyau, saura kaɗan ya yarda. Sai ya dubi fuskar ƙanin matarsa da kyau. Ya juya ya kalli yaran da ke ƙwallo har sai da aka ci wani gida.

"Wa ya sa hannu?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa farashin abin da dama ya san ya yi tsada. Ya tambaya ko ranar Litinin zai zo aiki. Auta ya ce har ƙarshen wata. Ya fara cewa zai je ya ga Madam, zai nemi wani da ya sani a wani kamfanin, Rediyo ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka gaya wa yayarka yau. Tun asuba take tsaye."

Kamar ta ji an ambace ta, Yaya ta leƙo daga ƙofar gida tana kiran su tsaya. Ta iso da kula a ɗaure cikin ɗankwali, ta ce na mai ciki ne, kuma in ya kuskura ya buɗe a hanya za ta sani. Ta dungure masa kai ta koma, tana cewa mijinta ya yi sauri, baƙi na jira ya ƙarasa musu labarin rigar.

Rediyo ya karɓi kular ya ɗora a bayan babur. Ya warware igiyar roba ya zagaya ta ta ƙarƙashin kujera, ya ja, ya sake zagayawa, ya ɗaure. Ya girgiza ta ya ga ba ta motsi, ya ƙara ƙulli ɗaya duk da haka. Ya ce a bi a hankali wajen kwalbatin nan da ya fashe, miyar ta cika har baki.

Auta ya tayar da babur. Kafin ya sha kwana ya duba madubi. Rediyo ya kai ƙofar gidansa amma bai shiga ba. Yana tsaye a gabanta, ya sa tafin hannu biyu ya shafe fuskarsa daga goshi zuwa haɓa, ya gyara wuyan riga, sannan ya tura ƙofar. Auta ya hau titi a hankali, kular tana jingine da bayansa, ɗuminta yana ratsa rigarsa.